Amaretto, biskit ɗinsa ko ruwan almon: wanne mai girki zai ɗauka?

Duk wanda ke bibiyar girke-girken kayan zaƙi na ƙasar Italiya, musamman masu sana'ar kek da ke neman abin da zai bambanta kayansu da na sauran masu sayarwa, ba zai daɗe ba zai ci karo da kalmar amaretto a cikin jerin kayan haɗi. A wani wurin za a ce a zuba cokali biyu a cikin kirim, a wani wurin kuma a ce a gauraya cokali uku da kofin da za a tsoma biskit a ciki. Sau da yawa wanda ya rubuta girkin ba ya damuwa da yin bayani, domin a ƙasarsa abu ne da ake samu a kowane kanti. Amaretto dai giya ce mai zaƙi, mai launin zuma, wadda yawan barasar da ke cikinta ke kamawa daga kashi 21 zuwa kashi 28 cikin 100, gwargwadon kamfanin da ya yi ta. Ga mafi yawan masu karanta wannan rubutu, sanin hakan kaɗai ya isa ya fitar da kwalbar daga lissafi. Abin da ya rage shi ne sanin abin da za a sa a gurbinta, kuma ba a iya yin wannan zaɓi da kyau sai an san daga inda ƙamshinta ya fito da kuma aikin da take yi a cikin kwano.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar amaro, wato ɗaci a harshen Italiyanci, kuma amaretto na nufin abu mai ɗan ɗaci-ɗaci. Garin da aka fi danganta ta da shi shi ne Saronno, wani gari a yankin Lombardiya da ke arewacin ƙasar, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai daga birnin Milan. Labarin da kamfanin Disaronno ke yaɗawa ya ce a shekarar 1525 an ɗauko wani mai zane mai suna Bernardino Luini, ɗaya daga cikin waɗanda suka bi salon Leonardo da Vinci, domin ya ƙawata bangon majami'ar garin da zane-zane. Da ya buƙaci fuskar da zai kwaikwaya wajen zana Nana Maryam, sai ya zaɓi wata mata mai gidan saukar baƙi wadda mijinta ya rasu, ita kuwa da ta so yi masa kyauta alhali ba ta da abin hannu, sai ta jiƙa ƙwayoyin cikin ƙwallon mishmish a barasa ta miƙa masa. Zanen Luini gaskiya ne, yana nan a bangon majami'ar har gobe. Matar da kyautarta kuwa labarin baka ne wanda ya yi wa masu talla daɗi, don haka a ɗauke shi a matsayin tatsuniyar kasuwa. Abin da ke tabbace shi ne iyalin Reina sun fara sayar da ita a kantinsu na Saronno a farkon ƙarni na 20, kamfaninsu na ILLVA ya bazu da ita a duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a shekarar 2001 suka sauya mata suna daga Amaretto di Saronno zuwa Disaronno Originale, saboda kalmar amaretto ta riga ta zama ta kowa, masu kwaikwayo sun cika kasuwa.

Akwai wani gida a garin da ke da nasa labarin, wato iyalin Lazzaroni, kuma labarinsu ya fi amfani ga mai girki. Su asalinsu masu yin biskit ne, irin wanda ake kira amaretti di Saronno, kuma sun ce tun 1851 suke yin tasu giyar ta hanyar jiƙa wannan biskit a cikin barasa. Tasu tana da barasa kashi 24 cikin 100, ta Disaronno kuwa kashi 28. Idan aka lura da kyau, wannan yana nuna cewa a wajen ɗaya daga cikin manyan gidajen biyu, biskit ne uwa, giyar 'ya ce. Ƙamshin yana cikin busasshen abu tun kafin a kawo barasa kusa da shi.

Wani abin mamaki ga wanda bai sani ba shi ne, giyar da duniya ke kira ta almon sau da yawa babu ko ƙwayar almon ɗaya a cikinta. Kamfanin Disaronno da kansa ya bayyana cewa tasa ana yin ta ne da man ƙwayar mishmish, da ƙonannen sukari, da wasu ganyaye da 'ya'yan itatuwa goma sha bakwai da ya ɓoye sunayensu. Mishmish shi ne ɗan itacen nan mai launin ruwan goro da Turawa ke kira afirkot, wanda alhazai kan gani busasshe a kasuwannin Makka da Madina. Shi da almon, wanda Larabawa ke kira lauz, 'yan gida ɗaya ne a cikin itatuwa. A nan ya kamata a yi wata 'yar tsayawa, domin itacen inuwar nan mai faɗin ganye da ake shukawa a harabar makarantu da asibitoci a Najeriya da Gana, wanda yara ke fasa ƙwallonsa da dutse suna cin ƙwayar ciki, shi ma wasu na kiransa almon, amma wani itace ne dabam ƙwarai, kuma ba zai ba da ƙamshin da ake magana a kai ba.

Almon na gaskiya iri biyu ne, mai zaƙi da mai ɗaci. Mai zaƙin shi ne wanda ake sayarwa a manyan kantuna ana ci kamar gyaɗa, kuma mafi yawansa daga jihar Kalifoniya ta Amurka yake fitowa. Duk wanda ya tauna shi ya san yana da garɗi da maiƙo, amma ƙamshinsa kaɗan ne. Ƙamshin nan mai kaifi da hanci ke ganewa nan take, wanda ake ji a cikin amaretto, yana cikin almon mai ɗaci ne da ƙwayar mishmish da ta wasu danginsu. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da wani sinadari mai suna amigdalin, wanda wasu masana biyu 'yan Faransa suka fara warewa a shekarar 1830. Idan aka daka ƙwayar ta haɗu da ruwa, amigdalin kan rarrabu zuwa abu uku: sukari, da benzaldehaid wanda shi ne ƙamshin, da kuma sayanaid wanda guba ce mai kisa. Wanda ya san dalilin da ya sa ake jiƙa rogo mai ɗaci, a matse shi, a soya kafin ya zama garin kwaki, ya riga ya fahimci rabin zancen, domin gubar da ake kora daga rogon ita ce dai wannan. Masana'antu suna tace man ƙwayar su cire gubar su bar ƙamshin, kuma yau ana iya haɗa benzaldehaid ɗin a masana'anta ba tare da an taɓa ƙwaya ba.

Saboda haka abin da mai girki ke nema a cikin amaretto ba barasar ba ce. Barasar jaka ce kawai da aka ɗauko ƙamshin a cikinta, kuma akwai wasu jakunkunan.

A Italiya ana shan amaretto kaɗan-kaɗan bayan cin abinci, ko a ɗiga a cikin kofi, a Amurka kuma ta yi tashe tun shekarun 1970 a haɗe-haɗen mashaya, inda ake gauraya ta da ruwan lemon tsami ko da wasu giyoyin. Wannan ɓangare bai shafe mu ba. A madafa kuwa aiki uku take yi a lokaci guda: tana kawo ƙamshi, tana ƙara zaƙi mai ɗanɗanon ƙonannen sukari, sannan tana kawo laima, wato ruwan da ke jiƙa biskit ko ya hana kek bushewa. Dokar Tarayyar Turai ta ce kafin a kira abin sha da sunan irin wannan giya mai zaƙi, dole a samu aƙalla giram 100 na sukari a kowace lita, kuma amaretto ta wuce haka nesa. Kowane madadi da za a duba a ƙasa yana cika ɗaya ko biyu daga cikin ayyukan nan uku, kuma yawancin kuskuren da ake yi ya taso ne daga mantawa da na ukun da ya ɓace.

Kafin a shiga madadin, akwai wata magana da ake yawan ji wadda ya kamata a kawar, cewa wai in an gasa kek ko an tafasa miya barasar tana ƙonewa gaba ɗaya, don haka babu damuwa. Binciken da aka yi wa Ma'aikatar Noma ta Amurka a farkon shekarun 1990 ya nuna akasin haka. Idan aka zuba barasa a tafasasshen abu aka sauke nan take, kusan kashi 85 cikin 100 na nan. Idan aka kunna mata wuta, irin yadda ake gani a bidiyo harshen wuta na tashi daga kasko, kashi 75 ne ke saura. Bayan dahuwar minti 15 kashi 40 ya rage, bayan rabin sa'a kashi 35, bayan sa'a guda kashi 25, kuma sai an kai sa'a biyu da rabi sannan ya sauko zuwa kashi 5. Kek na yau da kullum bai fi minti 30 zuwa 45 a tanda ba, kirim kuwa da tiramisu, wato biskit da aka tsoma a kofi aka jera hawa-hawa da kirim, ba sa ganin wuta ko kaɗan. Wannan ya shafi Musulmi, ya shafi mai juna biyu, ya shafi wanda zai ba yara, ya kuma shafi wanda ya daina shan giya yana gudun abin da zai tuna masa da ita.

Wani abin kuma da ya kamata a kawar da sauri shi ne ɗanyar ƙwayar mishmish ko almon mai ɗaci, wadda wasu ke sayarwa a intanet har da iƙirarin cewa tana maganin ciwon daji, iƙirarin da likitoci suka gwada ba su samu gaskiyarsa ba. A shekarar 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗin cewa fiye da ƙananan ƙwayoyi uku a zama ɗaya na iya wuce iyakar da jikin babban mutum ke ɗauka, yaro ƙarami kuwa ko guda ɗaya ta yi masa yawa. Masu biskit na Saronno suna amfani da ƙwayar ne da ma'auni da zafin tanda na masana'anta da kuma gwaji. Madafar gida ba ta da waɗannan, don haka ba na ganin dalilin da zai sa a shigo da ita.

Saura zaɓi uku na gaske, kuma na farkonsu shi ne filebon almon, wato 'yar ƙaramar kwalbar nan da ake samu a shagunan kayan kek. Shi ne mafi arha, mafi sauƙin samu, mafi ƙarfi. Ƙa'idar da masu girki suka saba bi ita ce rubu'i zuwa rabin cokalin shayi na filebo a madadin manyan cokula biyu na amaretto. Ƙarfin nan nasa shi ne amfaninsa, shi ne kuma haɗarinsa, domin in hannu ya zarce kek ɗin kan koma yana warin magani ko sabulu, kuma babu yadda za a gyara. Ya fi dacewa da abin da za a gasa, kamar kek da cincin da biskit, inda ƙarin ruwa zai ɓata ƙullun. Amma ƙamshi kawai yake kawowa. Idan girkin ya nemi amaretto mai yawa, kamar rubu'in kofi, dole a cike gurbin ruwan da madara ko kofi, a kuma ƙara sukari kaɗan.

Sai dai filebo yana da tarko. Wanda aka rubuta masa cewa tsantsa ne na asali, musamman mai zuwa daga Amurka, galibi man almon mai ɗaci ne da aka narkar a cikin barasa da ruwa, kuma yawan barasarsa kan kai ko ya wuce na amaretto ɗin da ake gudu. Bambancin shi ne ɗigo ake sawa, ba cokali ba, kuma ba wanda ke shansa. A nan malamai sun bambanta. Wasu sun tsaya a kan hadisin nan sananne da ke cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne. Wasu kuma, irin majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya, sun bambanta giyar da aka yi don sha da barasar masana'anta da ake narkar da ƙamshi a cikinta, suka halatta ta biyun muddin ba daga giya aka samo ta ba, kuma abin da ya rage a cikin abincin bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Amaretto kanta ba ta shiga wannan sassauci a wajen kowannensu, tunda giya ce da aka yi don sha. Wanda ba ya son shiga saɓanin yana da mafita mai sauƙi, domin akwai filebon da aka narkar a cikin mai ko wasu sinadarai marasa barasa irin su gilisarin da furofilin gilaikol, akwai kuma mai kauri da aka haɗa da ruwa musamman don masu gashi, wanda ƙamshinsa ma ya fi jure zafin tanda. Karanta bayan kwalbar ne zai raba gardama, ba gabanta ba.

Zaɓi na biyu shi ne sirof, wato ruwan sukari mai kauri da aka sa wa ƙamshi. Kamfanin Monin na garin Bourges a Faransa, wanda aka kafa a 1912, da Fabbri na birnin Bologna da ya fara aiki a 1905, da Torani da aka kafa a San Francisco ta Amurka, suna yin sirof iri-iri don gidajen shan kofi, ciki har da mai ɗanɗanon amaretto da mai ɗanɗanon almon. Wannan shi ne ya fi kusa da giyar a launi da kauri, kuma shi ne gwani a duk inda ake buƙatar jiƙawa: tsoma biskit, shafa wa kek kafin a ɗora kirim, zubawa a kan ayis kirim, ko gaurayawa da madara mai sanyi. Illarsa zaƙi ne. Ya fi amaretto sukari sosai, kuma ba shi da kaifin nan na barasa da ke rage nauyin zaƙi a harshe, don haka in aka zuba shi daidai da ma'aunin da girkin ya faɗa, abin kan gundiri mai ci tun a cokali na uku. Dabarar ita ce a sa rabin ma'aunin, a cike sauran da kofi mai ɗaci ko ruwa, a kuma rage sukarin kirim ɗin. Ga tsada kuma, domin kaya ne na shigowa da farashinsa ke bin canjin kuɗi, kuma babbar kwalba ce wadda mai yin kek sau ɗaya a wata ba zai iya ƙarar da ita ba kafin ƙamshin ya fara sanyi. Akwai kuma abin lura ga mai sayarwa: hukumar malaman Indonesiya, alal misali, ba ta amincewa a ba da shaidar halal ga kayan da aka raɗa wa sunan giya ko da babu barasa a ciki, kuma mai saye a Kano ko Damagaram zai iya jin irin wannan ƙyamar in ya bincika ma'anar kalmar. Rubuta kek mai ƙamshin almon a jikin kwali ya fi kwanciyar hankali.

A cikin dangin sirof akwai wanda ya girmi duk waɗannan kamfanoni, wato orzata, farin ruwa mai kama da madara wanda Italiyawa ke tsarmawa da ruwan sanyi lokacin zafi. Sunansa ya fito daga orzo, wato sha'ir, domin da sha'ir aka fara yin sa kafin almon ya ƙwace wurin. Faransawa na kiran nasu orgeat, kuma daga tushe ɗaya ne kalmar horchata ta Sifaniya ta fito, wadda a yankin Balensiya ake yi da aya, wato dai 'yar'uwar kunun ayarmu. A tsibirin Sisili da yankin Puglia kuma ana dama niƙaƙƙen almon da ruwa a sami madarar almon, a Sisili har a daskarar da ita ta zama ƙanƙara mai laushi a ci da burodi da safe. Orzata ba ta da launin zuma ko ɗanɗanon ƙonannen sukari, don haka ba za ta yi kama da amaretto a ido ba. Amma a abin sha da fararen kayan zaƙi na madara, ni a ganina ta fi sirof mai sunan amaretto daɗi, saboda ba kwaikwayon wani abu take yi ba.

Zaɓi na uku, wanda mutane suka fi mantawa da shi alhali shi ne ya fi tushe a girkin Italiya, shi ne biskit ɗin amaretti. Na Saronno busasshe ne mai ƙaras-ƙaras, ƙarami kamar kwalbar turare ta 'yan tebur, kuma kayan haɗinsa uku ne kacal: sukari, ƙwayar mishmish da farin ƙwai. Babu fulawa, babu mai, babu barasa. An san na Lazzaroni da jan gwangwaninsa da yadda ake naɗe biskit bibbiyu a takarda mai shara-shara, kuma nan ma akwai tatsuniya, ta wasu masoya biyu da aka ce sun ƙirƙiro shi don tarbar babban limamin cocin Milan a farkon ƙarni na 18. Akwai kuma mai taushi, wanda garuruwan Sassello a yankin Liguriya da Mombaruzzo a yankin Piemonte suka yi suna da shi, cikinsa da danshi kamar alewar madara da ba ta gama bushewa ba. Mai taushin don ci ne da shayi, busasshen kuwa shi ne kayan aiki.

Idan aka duba tsofaffin girke-girken arewacin Italiya, za a ga biskit ɗin suke nema, ba giyar ba. A Piemonte ana raba ɗan itacen fich, wani ɗan'uwan mishmish, gida biyu, a cike ramin ƙwallon da dakakken amaretti da hodar cakulan a gasa. A can dai ake yin bonet, wani haɗin ƙwai da madara da cakulan da amaretti da ake dafawa a cikin ruwan zafi har ya kama jikinsa, ko da yake shi ana yawan ɗiga masa wata giyar, wadda kofi ke iya maye gurbinta. Mafi ban sha'awa shi ne na birnin Mantova, inda ake cusa wa taliya gasasshiyar kabewa da dakakken amaretti da cuku da 'ya'yan itace masu yaji, a ci a daren jajibirin Kirsimeti. Kabewa da ƙamshin almon mai ɗaci suna jituwa ƙwarai, kuma wannan darasi ne ga duk mai kabewa a gida. Abin da biskit ke kawowa wanda filebo da sirof ba su da shi shi ne jiki: yana tsotse ruwan da ya yi yawa, yana ba da abin taunawa a cikin kirim mai santsi, ƙamshinsa kuma a tausashe yake, da wuya ya yi yawa. Rauninsa biyu ne. Samunsa na da wuya a wajen manyan kantunan birane, kuma da zarar an buɗe shi a lokacin damina yakan sha iska ya yi laushi cikin kwana biyu in ba a rufe shi a mazubi mai murfi ba. Wasu kamfanonin kuma kan ƙara wa nasu giyar, musamman masu taushin, don haka shi ma sai an karanta.

Tiramisu ya cancanci a tsaya a kansa, tunda shi ne ya fi jawo mutane zuwa neman amaretto. Gidan abincin Le Beccherie na birnin Treviso, wanda ake yawan dangantawa da fito da shi a wajajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ko da yake mutanen yankin Friuli na jayayya da hakan, yana yin nasa da abu shida: dogon biskit mai suna savoiardi, cukun mascarpone, gwaiduwar ƙwai, sukari, kofi da hodar cakulan. Babu giya a ciki. Amaretto da sauran giyoyi ƙari ne da ya zo daga baya, musamman a gidajen abinci na ƙasashen waje. Wanda ya yi tiramisu da kofi zalla bai rage komai ba, asali ya koma. In kuwa ana son ƙamshin almon ɗin, ɗigo uku ko huɗu na filebo a cikin kofin tsomawa, ko ɗan barbaɗen dakakken amaretti tsakanin hawa da hawa, sun wadatar.

Akwai abu biyu da mutum kan yi tunanin za su yi, amma sai a yi hattara. Garin almon mai zaƙi yana ba kek laushi da maiƙo, sai dai kamar yadda aka faɗa ba shi da ƙamshin, kuma wanda ya kashe kuɗi ya saya don wannan dalili zai yi da-na-sani. Mahalab kuwa, wato ƙwayar cikin ƙwallon wani irin ceri, wadda matan Sudan ke sawa a humra, Larabawan Sham da Turkawa da Girkawa kuma suke sawa a burodi da kayan zaƙi, ɗan dangin almon ne, kuma ƙamshinsa yana kusa, ko da yake ya fi karkata ga na fure da ceri. Rabin cokalin shayi na dakakkensa a cikin ƙullun biskit yana da daɗi, amma a tabbatar na abinci aka saya, ba wanda ya kwana a cikin kayan turare ba.

Batun masu rashin jituwa da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo ma yana da muhimmanci ga mai sayarwa. Orzata ta asali da madarar almon da amaretti mai taushi suna iya ɗauke da almon na gaske, kuma ko ƙwayar mishmish tana iya tayar wa wasu daga cikin masu wannan lalura da ciwonsu saboda kusancin itatuwan. Filebon da aka haɗa a masana'anta shi ne ya fi nisa da wannan haɗari, amma gaya wa mai saye abin da ke ciki shi ne wajibi.

Idan aka ce in zaɓa wa mai yin kek a gida ko mai ƙaramar sana'a abu ɗaya, filebo marar barasa zan zaɓa, saboda daga gare shi ana iya gina sauran biyun. Don samun abin da zai tsaya a matsayin amaretto wajen jiƙawa, a ƙona rabin kofin sukari a tukunya har ya yi launin zuma mai duhu, a sauke, a zuba rabin kofin ruwan zafi a hankali domin yana fantsama, a mayar kan wuta har ya narke, in ya huce a sa rabin cokalin shayi na filebon almon da ɗigon banila, a adana a firiji a yi amfani da shi cikin mako biyu. Don biskit ɗin kuma, a haɗa giram 200 na garin almon da giram 180 na sukari, a buga farin ƙwai biyu har ya yi kumfa a juye a ciki tare da cokalin shayi ɗaya na filebo, a mulmula ƙanana, a gasa a zafin digiri 160 na ma'aunin Salsiyos na minti 18 zuwa 20 in ana son mai taushi. In ana son busasshen da za a daka, sai a rage wutar a bar shi ya ƙara kamar minti 15. Sirof na kwalba ya fi dacewa da mai shagon kofi ko mai haɗa abin sha da yawa a kullum, wanda ke buƙatar ɗanɗano iri ɗaya a kowane kofi kuma zai ƙarar da kwalbar cikin mako biyu ko uku. Jan gwangwanin Saronno kuwa, ga wanda ya samu mai zuwa daga Turai, ya cancanci a saya ko sau ɗaya, domin harshe ya san ma'aunin da zai riƙa gwada na gida da shi.